Kada ku hargitsa dara don kun ga za a cinye ku

'Yan uwana matasan Katsina, akwai halin da ke damuna a majalisunmu na yamma, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa. Yaro na buga dara, da ya ga an ci masa 'ya'ya biyu sai ya sa hannu ya hargitsa ramukan, wai ai dama wasa ne. Da a dara kaɗai abin ya tsaya, da da sauƙi.

Ranar 9 ga Nuwamba 2018, a Landan, Magnus Carlsen na Norway da Fabiano Caruana na Amurka suka zauna wasan farko na neman kambun duniya a ches, darar Turawa. Kusan kansu ɗaya a ƙwarewa, makinsu 2835 da 2832. Ba a yi nisa ba Caruana ya shiga tsaka mai wuya, Carlsen ya matsa wa sarkinsa lamba, ga lokaci na ƙure masa. Bai miƙa wuya ba. Kusan awa bakwai yana zaune, motsi 115, har Carlsen ya fi shi da soja guda, wato ɗa mafi ƙanƙanta a ches, amma duk kafar da aka nema sai ya toshe ta. Aka tashi canjaras, kowa da rabin maki.

Haka suka yi ta yi har wasa 12, duk kunnen doki, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin gasar. Na san wani zai ce ai daga ƙarshe Carlsen ya cinye shi 3 da 0 a wasannin sauri na raba gardama. Gaskiya ne. Amma da Caruana ya karaya a ranar farko, da wace fuska zai kai ranar ƙarshe?

Mu kuwa fa? Makin JAMB bai kai ba sau ɗaya, an ajiye littafi. Wata uku a shagon gyaran waya, maigida ya yi faɗa, an daina zuwa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ɗan kasuwar da ya fitar da uwar kuɗinsa cif a shekarar tsada irin wannan, amma ya rufe shago don bai ga riba ba. Ɗan'uwa, canjaras ka yi, kuma da guminka ka same shi.

Don Allah wanda ya bar wurin koyon sana'a cikin fushi, ya samu babba a unguwa ya raka shi ya ba maigidansa haƙuri tun wani bai maye gurbinsa ba.