Kafin ka danna "tura", ƙanena

Ranar Asabar bayan isha'i muna zaune a majalisarmu ta Nima a birnin Accra, ataya na kan gawayi, sai ga wani ƙanenmu ya iso yana gumi duk da iskar da ke kaɗawa. Yayansa ne ya aiko masa da USDT, wato kuɗin kirifto mai bin darajar dalar Amurka, na dala 400 daga Italiya don kuɗin makarantar ƙannensu. Ya tura su daga walat ɗinsa, manhajar ajiyar kirifto, zuwa kasuwar musayar kirifto, da nufin ya sayar ya karɓi sidi, kuɗin Ghana, a MoMo, asusun kuɗi na waya. Awa biyu, shiru. Ya miƙo mini wayar, na buɗe Tronscan, shafin da ke nuna duk abin da aka tura ta hanyar Tron, na jera adireshin da ya tura wa da wanda kasuwar ta ba shi. Haruffa huɗun farko iri ɗaya, huɗun ƙarshe iri ɗaya, na tsakiya kuwa ko kusa.

Ya ce, "Yaya, wa zan kira?"

Babu wanda za a kira. Wannan shi ne abin da nake so ya zauna a kanku, ku matasanmu na zango. MoMo ya sangarta mu: kafin ka sa lambar sirri sai sunan mai karɓa ya fito, in ma ka yi kuskure akwai ofis, akwai wanda za ka kai wa kuka. A nan suna ba ya fitowa, kuma abin da ya fita ya fita.

Yaron ba wawa ba ne, ganganci ya yi. Maimakon ya shiga shafin ajiya na kasuwar ya kwafo adireshi, sai ya leƙa tarihin walat ɗinsa ya ɗauko wanda ya yi kama da na watan jiya. Su kuwa ɓarayi sun san wannan halin namu. Duk mu'amalar da ake yi a kan Tron ko Ethereum, hanyoyin da kirifto ke bi, a buɗe take, kowa na gani. Sai su ƙera adireshi mai kai da wutsiya irin na wanda ka saba tura wa, su jefo maka 'yan kuɗin da ba su kai na ruwan leda ba, don kawai ya zauna a tarihinka yana jiran ranar da kake sauri. Saboda haka kullum daga cikin manhajar kasuwar za ka kwafo, kuma bayan ka liƙa ka bi shi harafi bayan harafi har tsakiya, domin akwai muguwar manhajar da ke sauya adireshi tsakanin kwafa da liƙawa. Wayar da ka saya hannu na biyu ma, a wanke ta tas kafin walat ya shiga cikinta.

Sai batun hanya, inda manya ma ke zamewa. USDT suna ɗaya ne, amma motocin da ke ɗaukarsa daban-daban ne, kamar tirotiro a tasha guda, wata Madina za ta, wata Kasoa. Adireshin TRC20, wato hanyar Tron, da T yake farawa, wannan da sauƙin ganewa. Tarkon yana tsakanin ERC20 ta Ethereum da BEP20 ta BNB Chain: dukansu da 0x suke farawa, dukansu haruffa 42, don haka walat ba zai ce maka uffan ba in ka hau wadda ba ita ba. Hanyar da ka zaɓa a shafin ajiya, ita za ka zaɓa a walat. In ka bi wadda kasuwar ba ta karɓa, dawo da kuɗin ya zama alfarma, ka biya, ka yi makonni kana jira, wataƙila kuma a ce ba zai yiwu ba. Hanyoyin ma ana rufe su: a 2024 kamfanin Circle na Amurka, ba Circle ɗinmu na masu waya ba, ya daina fitar da USDC, wani kuɗin kirifto irin USDT, a kan Tron. In kuma ta hanyar TON za ka bi kasuwar ta ba ka memo, wata lambar shaida da ake haɗawa da adireshi, kada ka bar gurbinsa fayau, da shi ake gane kuɗin naka ne.

Ka tanadi kuɗin mai, wato ladan turawa, kowace hanya da irin kuɗinta: TRX a Tron, ETH a Ethereum, BNB a BEP20. Wanda ya ce ka ba shi kalmomin sirrin walat ɗinka 12 ko 24 ya gyara maka matsalar mai, makullin ɗakinka yake nema, ko da ɗan unguwarku ne.

Abin da na fi jin haushinsa shi ne rowar gwaji. Mutum zai tura dala dubu a tashi ɗaya don kada ya biya kuɗin turawa sau biyu, kuɗin da bai wuce na kwanon wake da kifi ba. Tura kaɗan tukuna, amma ya haura mafi ƙarancin abin da kasuwar ke karɓa, in ba haka ba ba za a zuba maka shi ba. Ka jira ka gan shi a asusunka da idonka, sannan ka sake kwafo adireshin ka tura sauran. Sauri ya haifi nawa.

Ban ga laifin mai ajiye USDT ba. Duk wanda ya ga yadda sidi ya narke a 2022, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disamba, ya san dalili. Amma kasuwa ba ɗakin ajiya ba ce. A Nuwamban 2022 kasuwar musayar FTX ta rufta da kuɗin jama'a. Kai iya abin da za ka sayar, ka sayar, ka fita.

Shi ƙanen namu, a daren ya rubuta abin da ya same shi a wani zauren Telegram. Kafin asuba mutum uku sun biyo shi ta bayan fage, kowanne na cewa ƙwararre ne, zai dawo masa da kuɗin in ya fara biyan dala 50. Har ya soma tambayata ko in ranta masa. Na karɓe wayar na toshe su, muka zauna lissafin abin da kowa a majalisa zai iya kawowa kafin Litinin, don Hajiyarsu ba ta ji labari ba tukuna.