Kuɗin wuta, gas da ruwa: rubuta naira kaɗai ba ya wadatarwa

A yawancin gidajenmu, idan ka tambayi mai gida nawa yake biya na haya a shekara, ko nawa ne kuɗin makarantar yara a zango, nan take zai faɗa maka, amma idan ka tambaye shi nawa wuta da gas da ruwa suke ci masa a wata, sai ya ce abin dai sai addu'a. Dalili kuwa shi ne waɗannan kuɗaɗe ba a dunƙule suke fita ba. Yau an sayi katin mita, gobe an aiki yaro gidan mai da galan, jibi tukunyar gas ta ƙare ana tsakiyar girki, mai ga-ruwa kuma kullum yana bakin ƙofa. Kowanne ɗan kaɗan ne a lokacin da ake biyansa, shi ya sa ba ya zama a rai, sai dai mutum ya ga albashi ya ƙare tun wata bai kai ashirin ba.

Ra'ayina shi ne duk gidan da ke da babbar waya ya kamata ya buɗe jadawalin lissafi a manhajar Excel ko Google Sheets domin waɗannan hidimomi kaɗai. Amma ba buɗe jadawalin ne ya fi damuna ba, domin na ga mutane da dama da suka buɗe, suka yi ta zuba lambobi, ba su ƙaru da komai ba. Abin da suke rubutawa shi ne rana da naira kawai. Jadawalin da zai yi amfani sai yana da gurbin adadi a gefen gurbin kuɗi: yunit nawa mita ta karɓa, lita nawa aka zuba wa janareta, kilo nawa aka ɗura a tukunya, jarka nawa aka sauke. Daga nan sai a sa manhajar ta raba kuɗin da adadin a gurbi na gaba, ta fitar da farashin kowane yunit ko lita ko kilo, ita da kanta, duk lokacin da aka ƙara sabon layi.

Abin da ya faru da wutar lantarki a 2024 ya isa hujja. A farkon watan Afrilu na shekarar, hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga farashin yunit ga masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225. A watan Mayu aka sauke shi zuwa 206.80, a Yuli kuma ya koma 209.50, sannan akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kai. Ma'anar wannan a aljihu ita ce naira 10,000 da a da take sayen yunit sama da 130 ta koma tana sayen kimanin 44. Wanda yake rubuta naira kawai zai ga kuɗin wutarsa ya ninka sau uku, kuma abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne iyalinsa sun yi sakaci, sai ya shiga faɗa a kan ƙwan fitilar da aka bari a kunne. Wanda yake rubuta yunit kuwa zai ga gidansa yana shan abin da ya saba sha, farashi ne ya motsa. Waɗannan matsaloli biyu ne daban, maganinsu ma daban, kuma ina ganin zalunci ne a ɗora wa uwargida da yara laifin abin da aka yanke a Abuja.

Rubuta yunit yana kuma koya wa mutum inda wutarsa take tafiya. Yunit ɗaya shi ne abin da na'ura mai wat 1,000 take sha a awa guda. Dutsen guga da hitar dafa ruwa suna kusa da wannan ko sun fi, fankar sama tana tsakanin wat 60 zuwa 80, ƙwan fitila na zamani kuwa da wuya ya wuce wat 15. Saboda haka awa ɗaya ta guga ta kai fitila guda ta kwana da yini har kusan sau uku tana ci. Wanda ya san wannan, idan zai rage, zai fara ne daga hita da injin tura ruwa tanki da na'urar sanyaya ɗaki, ya bar wa yara fitilar karatunsu. Haka nan idan aka sayi kati na kuɗin da aka saba amma yunit ya zo ƙasa da na watan jiya, jadawalin zai nuna nan take, sai a duba rasit a ga ko ana cire tsohon bashi ne, ko kuwa an sauya wa layin unguwar rukuni.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar kuɗin mita a matsayin kuɗin wuta gaba ɗaya. Kuɗin wuta na gaskiya shi ne na mita, da man janareta, da baƙin mai, da abin da aka ba mai gyara, har da ƙanƙarar da ake saya lokacin azumi idan ya faɗo cikin zafi saboda firiji bai samu wuta ba. Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta kai 1,000 a wurare da yawa. Ƙaramin janareta na gida da wuya ya fitar da yunit 2 daga lita ɗaya, wanda ke nufin a wancan farashi yunit ɗinsa ya haura naira 500, fiye da ninki biyu na wutar rukunin A mai tsadar da ake kuka da ita. Idan aka haɗa waɗannan a shafi ɗaya, za a iske watan da aka fi kashe kuɗi a kan wuta sau da yawa shi ne watan da aka fi ɗauke ta. Don haka nake ganin a ƙara gurbi ɗaya na awannin da wuta ta zauna a rana, ko da kiyasi ne. Kowane rukuni yana da alkawarinsa, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4, kuma mai kai ƙorafi ofishin kamfanin rarraba wuta, ko ya ɗaukaka shi zuwa dandalin sauraren koke na NERC, ya fi samun kunne idan ya je da ranaku da awanni a rubuce.

Gas ya fi sauƙi. A rubuta ranar da aka ɗura, da kilon da aka biya, da ranar da ya ƙare. Bayan ɗuri uku ko huɗu gida zai san kwana nawa tukunya mai kilo 12.5 take yi masa. Ranar da ta ƙare da wuri alhali ba a yi baƙi ba, ba a yi girkin suna ko na Sallah ba, to akwai abin dubawa: ko tiyo yana yoyo, wanda haɗari ne ga rai kafin ya zama asarar kuɗi, ko kuma ba a cika mudu a wurin ɗuri ba. Ruwa ma haka, jarka nawa mai lita 25 da farashin kowacce, domin 'yan ga-ruwa suna ƙara kuɗi a bazara lokacin da rijiyoyi suka ja baya, da kuma duk lokacin da masu burtsatse suka koma tayar da inji da mai.

Na san akwai masu ganin irin wannan ƙididdiga alamar maƙo ce, wai namiji mai wadatar zuci ba ya bin diddigin abin da ya fitar wa iyalinsa. Ban yarda da wannan ba. Gidajen da na sani ana yawan samun saɓani a kan gas ko katin mita su ne waɗanda ba a rubuta komai, mai gida yana jin kamar jiya-jiya ya saya, uwargida kuma ta san an ɗauki makonni, kuma babu mai shaida a cikinsu. Shi ya sa ya fi kyau jadawalin ya zama a buɗe ga su biyun, kowa yana iya shigar da abin da ya saya daga wayarsa, musamman ma da yake ita ce ta san ranar da tukunya ta ƙare da yawan jarkar da aka sauke. A gidan haya da ake tarayya a mita ɗaya kuwa, inda rabon kuɗin kati yake haɗa maƙwabta faɗa, shafi ɗaya da kowa yake gani a waya yana kashe rabin maganar.

Sai an cika shekara ana rubutawa ake ganin cikakken amfaninsa, saboda hidimar gida tana bin yanayi. Daga Maris zuwa Mayu fanka ba ta hutawa, ruwa kuma yana tsada, a Disamba da Janairu hita ce take cinye yunit, da damina kuwa ruwa yana sauƙi amma hadari yana yawan tafiya da wuta. Wanda yake da lissafin wata 12 a hannu zai san abin da zai ware kafin bazara ta shigo. Shi ne kuma zai iya zama da mai haɗa sola su yi magana ta ƙwarai, ya faɗa masa yunit nawa gidansa yake sha a rana da abin da janareta ya ci masa a shekara, a auna wannan da kuɗin faranti da inbata da batir, a kuma sa kuɗin sauya batirin a cikin lissafi tun farko, tunda shi ne yake fara mutuwa.