Likita ya fara gani kafin alƙali ya yanke

Lauyan yaron nan da ya soki abokinsa a gidan gem, wato wurin buga wasan bidiyo, yana cewa a sassauta masa saboda wasan ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Masu cewa ƙarya ce zalla, ku bi a hankali. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka jarabar gem cikin jerin cututtuka, amma da sharaɗi: sai mutum ya kasa dainawa, ya watsar da karatu, sana'a da barci, galibi har tsawon wata 12. Ba kowane yaro mai kwana kan PlayStation ba ne.

Kuma jaraba daban, gushewar hankali daban. Wanda shari'a ta ɗauke wa alƙalami shi ne wanda bai san abin da yake yi ba lokacin da ya aikata, haka ma sashe na 51 na Penal Code, dokar hukunta laifuffuka ta Arewacin Najeriya, ya tanada. Wanda ya koma gida ya ɗauko wuƙa ya dawo fa? Ni dai ban gamsu ba.

A kai yaron asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ko na Malam Aminu Kano likitoci su duba shi, ba lauya ba. In lafiyarsa ƙalau, gidan yari na nan. Shi ma wanda aka soka ai ɗan wani ne, Allah Ya ba shi lafiya.