Samari, ku ji tausayin motocin nan da kuke saka wa ƙattin tayoyi

Asabar ɗin da ta wuce ina dawowa daga Abuja, na baro Akwanga na kama Hawan Kibo, sai na tarar da wata farar Hilux a gefen hanya an tokare tayarta ta baya da dutse. Tun kafin in fito daga mota ƙaurin kuloci ya tare ni. Duk wanda ya yi tuƙi ya san ƙaurin nan, ba ya ɓuya. Mai motar yaro ne, bai wuce sa'ar ɗana na biyu ba, yana tsaye da waya a kunne yana zufa duk da sanyin wurin. A baya buhun siminti 12 ne kacal. Tayoyin kuwa masu inci 35 ne, sun kusa kai masa ƙugu.

Na ce, "Yaro, da ka saka tayoyin nan, an canja maka giyar aksil?" Ya ce, "Baba, wace giya kuma? Ai giyabos ɗina lafiya lau yake." Raina ya ɓaci, ba don shi kaɗai ba. Irinsa sun cika Jos yanzu. Ka tsaya a Bauchi Road ko hanyar Bukuru da yamma ka ƙirga.

Ƙannena, ku saurara. A cikin tulun nan da ke tsakiyar aksil ɗin baya akwai haƙora iri biyu, ƙarami da ke haɗe da firofela, wato dogon ƙarfen da ke kawo juyi daga giyabos, da babban faifai da ke juya tayoyi. In babban yana da haƙori 43, ƙaramin yana da 11, lissafin ya zama 3.91, wato sai firofela ta juya kusan sau huɗu kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Kamfanin da ya ƙera motar ya auna nauyinta da ƙarfin injinta da tsayin tayarta kafin ya tsayar da wannan adadi. Tayar 265/65R17 da Hilux da yawa ke zuwa da ita, tsayinta wajen inci 30 da rabi ne. Ranar da ka cire ta ka saka mai 35, kowane zagaye ɗaya na taya ya ƙara tsawo da kusan kashi 15 cikin 100, kuma ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu gwargwadon haka. Mai 3.91 ta koma tana ja kamar mai 3.41. Injin yana nan yadda yake, ka dai ɗora masa aikin da ba nasa ba.

To wa ke biyan bashin? Kuloci. Mota ba ta son tashi, sai ka riƙe kuloci rabi kana danna totur, yau da gobe ya ƙone. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: kai ana yaba maka a majalisa, shi yana can yana cin wuta. In kuma mai canja giya da kanta ce, za ka ji tana shiga tana fita a kowane ɗan tudu, man giya yana zafi, kuma gyaranta ya fi na kuloci ciwo nesa ba kusa ba. Ku tuna a ina muke zaune. Jos tana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, iska ba ta da kauri kamar ta Abuja, injin fetur da ba shi da tobo irin mai lita 2.7 ɗin nan na Hilux dama ya riga ya rasa wani abu na ƙarfinsa tun kafin ka taɓa shi. A hakan kuke ƙara masa kaya, sannan ku nufi Bokkos da damina ɗauko dankali, ko ku hau duwatsun Shere don ɗaukar hoto.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ma maleji ne. Shi zagayen taya yake ƙirgawa, bai san ka canja ta ba. Yana nuna maka 100, kai kuwa kana gudun kusan 115. Ga taya mai nauyi da birki ke wahalar tsayarwa, ga mota an ɗaga ta sama tana rangaji a kwana. Yaron nan hawa yake yi, Allah ya taimake shi. Da gangara ce fa? Mutum nawa muka yi wa salla saboda gangaren nan? Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Ban ce kada ku saka babbar taya ba. Mai shiga ƙauye da damina yana da hujja. Amma in za ka yi abu, ka yi shi cikakke. Ka ninka adadin giyarka da tsayin sabuwar taya, ka raba da tsayin tsohuwar. Mai 3.91 da ya koma inci 33 zai faɗa wajen 4.23, sai ya duba 4.10 ko 4.30, wanda ya koma 35 zai faɗa wajen 4.49, nasa 4.56 ne. Mai ɗaukar kaya da hawan tudu ya ɗauki na sama, mai yawan zirga-zirgar Abuja ya ɗauki na ƙasa, don in ka zarce injin zai riƙa kuka a kan titi yana shan mai. In motar mai jan ƙafa huɗu ce, gaba da baya tare ake canjawa, adadi ɗaya. Ka canja baya ka bar gaba, ranar da ka sa oziliyari, wato giyar jan ƙafa huɗu, ranar za ka ji ƙarar da ba za ka manta ba.

Sai ku ce tsada. Tsada? Kun sami kuɗin taya biyar, da rim masu sheƙi, da ƙarfen gaba, da fitilun nan farare da kuke kashe wa mutane ido da su cikin dare ba ku ko rage su in an yi muku alama. Wannan ma rashin tarbiyya ne mai zaman kansa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 magidanta ke ajiye mota suna hawan Keke Napep, ku kuma kuna ƙara wa taku ƙishirwa da gangan. Abin da ido zai gani shi kuke kashe wa kuɗi, abin da ke ɓoye cikin aksil kuwa ba ya fitowa a TikTok, don haka ba ruwanku da shi. Ganin kitse kuke wa rogo. Wani ma na san bashi ya ci ya yi wannan ado, iyalinsa na gida cefane yana gagara.

Su ma wasu makanikan yanzu da laifinsu. Yaro ya zo da kuɗi, a ɗaura masa taya a karɓe, ba mai ce masa uffan. Da ba haka ake ba. Lokacin da nake yaron mota muna jigilar kayan gwari zuwa Farin Gada da a-kori-kura ƙirar Peugeot, akwai wani dattijon makanike, Allah ya ji ƙansa, da in ka zo da shirme zai ajiye sifana ya zaunar da kai a benci ya yi maka faɗa kamar ɗansa, kuma ba ka isa ka ɗaga kai ba. Direba a lokacin da kunne yake tuƙi, yana jin injin ya fara nishi ya san abin da ke damunsa. Ubangidana sai da ya sa na yi shekara ina wanke mota ina duba bakin mai da ruwan lagireto kafin ya bar ni na taɓa sitiyari. Yanzu yaro ya ga hoton mota a Amurka, bai tambayi abin da aka canja mata a ciki ba, ya kwaikwayi waje ya bar ciki. In ka yi magana a ce tsoho ya cika surutu.

Na tsaya da yaron nan har aka samo motar da za ta ja shi, na rubuta masa lissafin a bayan takardar siminti. Ya yi godiya sosai, har da rusunawa, abin da ya sa na ji yana da sauran tarbiyya. Shekaranjiya na gan shi a wani gareji a Farin Gada an sauke giyabos ana saka sabon kuloci. Na tambaye shi maganar aksil. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, sai bayan Salla in Allah ya hore." Tayoyin suna nan a jiki, an wanke su tas an shafa musu mai.