Takardar da ke Bangon Tsohuwa

Ranar 9 ga Satumba, 2025, da aka buɗe babbar madatsar ruwan Habasha, tsohuwar da nake haya a gidanta a Adis Ababa ta kira ni shan gahawa. A nan gahawa hidima ce guda. Ta baza ɗanyar ciyawa a ƙasa, ta soya 'ya'yan a gabanmu, ta zagaya da hayaƙin kowa ya shaƙa, ta daka a ɗan turmi, sannan ta dafa a wata baƙar butar ƙasa mai dogon wuya da suke kira jebena. Ga turaren luban, ga gugguru a faranti, kuma ba a tashi sai an sha sau uku. Muna kan na biyu ta nuna min wata takarda a firam, gefen hoton marigayi mijinta. Takardar lamuni ce da ta saya don ginin dam ɗin, da ribar injerar da take toyawa, wato wainar Habashawa. Sai ɗanta ya ce cikin raha: "Ku masu man fetur, wane dam kuka gina?"

Na yi dariyar yaƙe, amma maganar ta tsaya min a rai.

A Afrilun 2011 Meles Zenawi, firaministan Habasha na lokacin, ya aza harsashin dam ɗin a kan reshen kogin Nilu da suke kira Abay, kusa da iyakar Sudan. Masar ta yi ta kumfar baki don tsoron ruwanta zai ragu, su kuwa Habashawa suka haɗa kuɗin a cikin gida, har albashin ma'aikata aka taɓa. Yau ƙarfinsa megawat 5,150 ne. Dam ɗaya tal, kusan abin da Najeriya gaba ɗaya ke rabawa a ranar da abubuwa suka yi kyau.

Kada a ce na zama ɗan Habasha. A Adis ɗin ma ana ɗauke wuta, ƙauyuka da yawa har yau da fitila suke kwana, kuma ba duk wanda aka yanki albashinsa aka tambaya ba. Mu ma ba a baya muka faro ba: Kainji tun 1968, megawat 760, ba a ma haifi mai yi min gorin ba. Ga Jebba, ga Shiroro, ga Zungeru mai 700, har Nijar muke ba wa wuta. Duk na lissafa masa. Ban dai ambaci Mambila ba, dam ɗin megawat 3,050 da tun muna firamare ake cewa an kusa, ya ƙare a shari'ar kwangila a birnin Paris.

Abin da ya fi min ciwo shi ne, da gobe za a fito da irin takardar tsohuwar nan don Mambila, wallahi ni ma ba zan saya ba. Ba don rowa ba.

Ni ɗan Yawuri ne. Ruwan Kainji ya haɗiye tsohon garin Busa, ya ci gonaki da tsibiran mutanenmu, aka tashi dubban jama'a aka ce don ƙasa ta samu haske ne. Kakana har ya rasu yana nuna tsakiyar ruwa yana cewa can ne fadamarsa. Ashe mu ma mun biya, takarda ce ba a ba mu ba balle mu rataya.

Daren nan na kira Inna in ba ta labari, wayarta a kashe. Sai da safe ƙanena ya ce kwana uku ba wuta, an kai ta caji kasuwa.