Lantarki daga sararin samaniya: wa zai riƙe makunnin?

Duk wanda ya ɗora sola a rufin gidansa ya san inda gizo ke saƙar. Da rana wuta har ta yi yawa, amma da an yi Isha'i sai ido ya koma kan batir, a kashe fanka don firji ya kai asuba. Da hunturu kuma ƙura ta lulluɓe gilashin, sai an hau da tsumma.

Wannan matsalar ce injiniya Peter Glaser ya nemi tsallakewa a Amurka tun 1968. Shawararsa ita ce a kai faifan sola nisan kusan kilomita 36,000, inda tauraron ɗan'adam ke tafiya daidai da juyawar duniya, ba gajimare, rana kuma kusan ba ta faɗuwa. A can za a mayar da wutar igiyar maikirowef, wato wani nau'in igiyar rediyo, a harbo ta ƙasa, wata eriya mai faɗin kilomitoci ta karɓa ta zuba wa layin lantarki.

An gwada, kuma abin ya yi. A 2015 hukumar binciken sararin samaniya ta Japan, JAXA, ta aika kilowat 1.8 nisan mita 55 ba tare da waya ba. A 2023 jami'ar Caltech ta harba na'urarta sama, aka kuma gano ɗigon wutar da ta aiko a rufin wani ginin jami'ar a birnin Pasadena na Amurka. Ɗigo ne kawai. Sai ga NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a Janairun 2024 ta ƙiyasta cewa kuɗin wannan wuta zai ninka na sola da iska na ƙasa sau 12 zuwa 80, akasari saboda tsadar ɗaga kaya da roka.

Duk da haka ina goyon bayan a ci gaba da binciken, domin farashin roka yana sauka, kuma wutar da ba ruwanta da dare ta cancanci haƙuri.

Abin da ke damuna daban ne. Hasken da ke sauka a rufin talaka babu mai iya rufe masa shi. Tashar da ke sama kuwa tana da mai ita, kuma yadda zai iya juya igiyar zuwa ƙasar da ta biya, haka zai iya ɗauke ta ranar da aka saɓa. Amurka, Sin, Japan da Turai ne ke wannan tsere. Ya kamata ƙasashen da za a tallata wa wutar su nemi kujera tun yanzu a ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ake raba zangon igiyoyin rediyo da gurabun taurarin ɗan'adam, su kuma dage a rubuta sharuɗɗan katse wuta kafin a ɗaga tashar farko.