Ni da senda da risiba a tashar Unguwa Uku

Wallahi har yanzu Yaya ba ta daina yi min dariya ba. Ita ce ta turo kuɗi daga Kaduna wai in sayo mata atamfa turmi uku a Kwari, in haɗa da kilishi da yaji in yi mata webil. Mu da muka taso sautu muka sani da sallahu, ka ba mai tafiya kuɗi ya sayo maka, ko ka ba shi saƙo ya kai, ba takarda ba biro, amana kawai. Yanzu kuwa komai sai an rubuta.

Na je tasha da kwalina, ɗan kamasho ya karɓi kuɗi ya miƙo min risit da alƙalamin maka, ya ce Malam rubuta lambar senda a sama, ta risiba a ƙasa. To ni da ake kira ɗan boko a gida ai ba zan tsaya tambaya a gaban mutane ba. Na yi lissafina a zuci, wa aka ba risit? Ni. Ashe ni ne risiba kenan. Na zuba lambata a ƙasa, ta Yaya a sama, har da ja mata layi.

Ashe senda shi ne mai aiko kayan, wato ni, risiba kuma wanda zai karɓa a can.

Wajen la'asar wata baƙuwar lamba ta dinga kirana, ni kuma akwai mai shagon da ke bina bashi kuma ya iya canja layi, sai na kife wayar na ci gaba da kallon ƙwallo. Kira 11. Ashe direba ne yana tsaye a Kawo da kwali yana neman risiba, risiba kuma yana kwance a Kano.

Da ya gaji sai ya kira senda, ya ce Hajiya mutumin da kika aika wa kaya ba shi da mutunci, ya ƙi ɗaga waya, gobe zan dawo miki da kayanki Kano. Yaya ta ce wace Kano, ni da nake Unguwar Sarki? Suka yi ta musu, shi yana cewa ita ta aiko, ita tana rantsuwa ba ta aiki kowa ba, sai da ya ce kwalin yana ƙamshin kilishi sannan ta ce tsaya nan ina zuwa.

Da daddare ta kira ni, ko sallama babu, sai ji na yi ta ce "Risiba, ya gajiya?" Yanzu har yaranta Kawu Risiba suke ce min.